Gyaran tsohuwar Peugeot a garin da ya harhaɗa ta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa za su ɗauka ƙarami ne, wato wahalar gyara da masu riƙe da tsofaffin motoci ke sha a nan Kaduna, musamman masu Peugeot 404 da 504 da 505 waɗanda aka harhaɗa a Kakuri. Ni ma ina cikinsu, domin ina riƙe da 504 ta farkon shekarun 1980 wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. Duk wanda ya riƙe irin wannan mota ya san gyaranta ba ya ƙarewa, yau birki, gobe lagireto, jibi wutar gaba ta ɗauke. Sai dai abin da nake son masu karatu su lura da shi shi ne, wani ɓangare ne kawai na wannan wahala ya samo asali daga tsufan ƙarfe, ɓangaren da ya fi nauyi kuwa ya zo ne daga ɓacewar kayan gyara na ƙwarai a kasuwa da kuma ƙarewar kanikawan da suka san motar ciki da bai.

Bari in fara da ɓangaren da babu wanda za a zarga a kansa. Motar da ta haura shekara 40 kayanta duka sa'o'in juna ne, rana ɗaya aka ɗaura su, kuma kusan lokaci ɗaya suke gajiya. Abin da ya fi saurin mutuwa shi ne duk abin da aka yi da roba: tiyon ruwa, tiyon birki, robar da ke riƙe gilashi, da robobin da ke ƙafafun mota, waɗanda zafin bazara ke busarwa har su tsattsage ko da motar ba ta motsa daga inda take ba. Wani abin da wanda bai riƙe tsohuwar mota ba zai yi wuya ya yarda da shi shi ne, gyaran ne da kansa yake haifar da gyara na gaba. Idan aka wanke lagireto aka sa masa sabon murfi, ƙarfin ruwan zai dawo yadda yake tun asali, sai tsohon tiyo ya kasa ɗauka ya fashe; a sauya tiyon, sai famfon ruwa ya fara ɗiga. Idan aka sa sabon famfon birki, sai ƙananan robobin da ke cikin ƙafafu, waɗanda suka saba da rauninsa, su fara zubar da mai. Mai mota sai ya ga kamar bakanike ne ya cuce shi, alhali sabon abu ne ya tona asirin tsohon da ke maƙwabtaka da shi.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. Da damina ruwa kan bi ta tsagar robar gilashi ya sauka ƙarƙashin shimfiɗar ƙasa ya kwanta, ba wanda zai gani, sai ranar da aka ɗaga shimfiɗar a tarar tsatsa ta cinye kwanon har ana hango titi. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska ta shiga kafireto. Wanda kuma ya ce zai huta da wahala ya ajiye motar ya rufe ta da tamfol, to ya ƙara wa kansa aiki, domin mai zai daskare a kafireto, birki zai kama, batir zai mutu, ɓeraye kuma su shiga su gaigaye wayoyi. Tsohuwar mota ta fi lafiya idan ana hawanta a kai a kai.

To amma duk wannan an san da shi tun ranar da aka ƙera motar, kuma an yi mata tanadinsa. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, kuma abin da ya ɗaukaka ta a wannan nahiya shi ne juriya a mummunar hanya da sauƙin gyara. Injinta irin wanda ake zare silif ne a sa sabo, wato idan ya gaji ba sai an jefar da shi ba, a sayo silif da fistin da ringi a ɗaura, ya dawo kamar sabo. Ba ta da kwamfuta, ba ta da na'urorin da ke boye laifi. Kafireto ne da kwantak da kwandansa da kwayil, waɗanda mutum zai iya buɗewa a gefen hanya da sufana da sukundireba. Mota ce da aka yi ta domin a riƙa gyara ta, da sharaɗin akwai kayan gyara na gaskiya da hannun da ya iya.

Wannan sharaɗi kuwa babu inda ya cika kamar Kaduna. An kafa kamfanin harhaɗa Peugeot na Najeriya, wato PAN, a 1972, ya fara fitar da motoci daga Kakuri a 1975 zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, a lokacin da Volkswagen ke harhaɗa Beetle a Legas, daga baya kuma aka samu Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan da ANAMMCO a Inugu. A shekarun farko ta jirgin sama ake ɗauko kayan daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna a ɗaura. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Peugeot motar jami'an gwamnati, sai ta zama motar kwamishina da babban sakatare da alƙali, ta zama motar da ma'aikaci ke saya da rancen mota, ta kuma zama motar haya, domin duk wanda ya yi tafiya daga tashar Kawo zuwa Zariya ko Kano ko Katsina a waɗancan shekaru ya san doguwar 504 mai layin kujeru uku. A lokacin dillalai na da shagunan kayan gyara na asali, kamfanin na horar da kanikawa, waɗanda ya horar kuma suna fita su buɗe gareji su koyar da wasu. Faransa ta daina ƙera 504 ta zaman mutane a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, wato muna cikin na ƙarshe a duniya da suka rabu da ita.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin Kwatano suka cika gari, gwamnati ma ta juya ga motocin waje. An sayar da PAN ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON mai karɓar basussukan banki da suka gagara biya ta karɓe shi a 2012 saboda bashi, kamfanonin taya na Michelin da Dunlop kuma suka rufe masana'antunsu a ƙasar a 2007 da 2008. Da motar ta daina fitowa, sai duk abin da ke kewaye da ita ya fara janyewa a hankali, kuma wanda ya fara jin wannan a jikinsa shi ne mai tsohuwar mota da ke yawon neman gaskit.

Yau idan mutum ya shiga kasuwa neman kayan 504, iri uku zai tarar. Akwai sabo na asali wanda ya yi saura a wani tsohon shago, shi kuwa sai an sha tambaya, kuma idan na roba ne zaman da ya yi a kwali ya riga ya busar da shi. Akwai na hannu da ake kira na Baljiyam, wanda a da shi ne rufin asirinmu, amma yanzu ya yi ƙaranci domin a Turai ma motar ta zama abin ajiya, masu ita ba sa yanka ta, abin da ake samu yanzu yawanci daga motocinmu na nan ne da aka farke. Na uku shi ne jabu, kuma shi ne ya fi yawa. Kwalinsa mai kyau ne, da tambarin zaki da komai, amma kwantak ɗinsa kan ƙone cikin 'yan makonni, kwandansarsa kan mutu ba gargaɗi a tsakiyar hanya, gaskit ɗinsa kuma ba ya jure zafi. Na taɓa ganin an ajiye tsohon gaskit na asali kusa da sabon da aka sayo a kan teburin gareji: zoben ƙarfen da ke kewaye da bakin silinda a tsohon mai kauri ne a naɗe da kyau, na sabon kuwa siriri ne har ana iya lanƙwasa shi da farce, wasu ramukan ruwan ma ba su zo daidai da na injin ba. Ɗaura gaskit aiki ne na yini guda, sai an sauke kan injin an goge an ɗaure noti bi da bi, kuma idan na jabu ne za a sake wannan aikin gaba ɗaya, a sake biyan kuɗin hannu, wani lokaci ma a tarar zafin ya lanƙwasa kan injin. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a nan ko mai son sayen mai tsada ba shi da tabbacin abin da aka miƙa masa, domin jabun ma wani lokaci da kuɗin na asali ake sayar da shi. Idan abin ya tsaya a kwantak, asarar kuɗi ce da lokaci. Idan ya kai ga takalmin birki da tiyon birki, magana ce ta rai.

Akwai kuma 'yan gwangwan, waɗanda ba na ganin laifinsu domin neman halak ɗinsu suke yi, amma kowace tsohuwar Peugeot da aka sayar musu a kan nauyin ƙarfe tana tafiya da giya da sitiyari da gilasai da fitilun da za su iya raya wasu motoci da dama. Gilashin gaba da fitilar baya ta 504 ba abubuwan da mai walda zai ƙera ba ne, idan sun narke sun tafi ke nan.

Abin da ya fi damuna duka shi ne batun kanikawa. Dattijon da ke duba mini mota ya koyi aikin ne a hannun waɗanda kamfanin ya horar, kuma har yau ban ga ya ɗaura wani abu ba tare da ya gano dalilin lalacewar na farko ba. Idan aka tayar da injin, yakan ɗora bakin dogon sukundireba a jikinsa ya kara kunnensa a ƙotar, ya saurara a nan, ya matsa gaba ya saurara, sannan ya ɗago ya faɗi inda ƙarar take fitowa. Idan zai daidaita kafireto, yatsu biyu yake sa wa sukurun yana juyawa kaɗan-kaɗan, kansa a sunkuye, har sai injin ya daina rawa ya kwanta da numfashi ɗaya. Na taɓa ce masa, "Baba, cikin yaran nan wa ka koya wa wannan?" Sai ya ce, "Malam, wa zai zauna? Wanda ya koyi wannan mota nawa zai gani a wata?" Gaskiya ya faɗa, kuma yaran ba su yi laifi ba, domin motocin da ke kawo abinci yanzu na kwamfuta ne, a jona na'ura ta faɗi laifi, a cire a sa wani. Amma sakamakon shi ne idan tsohuwar mota ta faɗa hannun wanda bai san ta ba, sai a yi ta canza kaya da ka har a dace, mai mota na biya.

Daga irin wannan hannun ne wasu munanan al'adu suka yaɗu, waɗanda su ne ke mayar da ƙaramin gyara babba. Da mota ta fara zafi sai a cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jefar, a ce ba a yi shi don ƙasarmu ba, maimakon a nemi abin da ya toshe. A riƙa ɗura ruwan rijiya zalla a lagireto shekara da shekaru, alhali kan injin 504 na alminiyom ne, ruwan da babu maganin tsatsa a ciki yana cin sa ta ciki. Fis ya ƙone a naɗa masa waya, ranar da wuta ta haɗu kuma wayoyin motar duka su narke. Noti ya ƙi kwantuwa a sa kurfi da guduma. A ƙarshe idan abin ya gagara sai a ba da shawarar a cire injin a dasa na wata motar Japan, wanda zai iya tafiya, amma daga ranar motar ta zama wani abu dabam da babu littafin da ya san shi.

Na san akwai mai cewa, wanda ya gaji da gyara ai sai ya sayar ya huta, kuma wannan magana tana da ƙarfi. Motar kafireto tana shan mai fiye da na zamani, kuma tun da aka janye tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a cikin 2024. Ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani mai hana taya kullewa, kuma ba na goyon bayan kowa ya hau titin Kaduna zuwa Abuja da motar da birkinta ko fitilarta ba su cika ba don kawai yana ƙaunarta. Idan jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da irin wannan, aikinsu suka yi. Wanda motar ke cinye masa kuɗin makarantar yara, rabuwa da ita ya fi masa. Amma ba kowa ne ke riƙe da ita don sha'awa ba. A ƙauyukan da ke kewaye da mu har yanzu akori-kura ta 404 da 504 ce ke fito da masara da citta da tumatir zuwa kasuwa, kuma mai ita ba shi da kuɗin sabuwa, jabun kaya da rashin gwani sun fi cutar da shi fiye da ni da nake hawan tawa a cikin gari. Sannan akwai abin da ya shafi garin kansa. Masaƙun Kakuri da suka ɗauki dubban mutane aiki tun daga 1957 yawancinsu sun rufe, yaran da aka haifa bayan haka kango kawai suka sani. Motar da aka ɗaura a nan kuma take tafiya har yau tana cikin 'yan abubuwan da za a nuna wa yaro a ce masa hannun mutanen garin nan ne ya yi wannan, ya taɓa ya gani.

Abin da ya sa ban ɗauki lamarin a matsayin wanda ya gagara ba shi ne Panteka. Duk wanda ya shiga kasuwar ya ga yadda ake narka alminiyom a zuba tukwane, ake ƙera injin niƙa da na casa, ake yanka ƙarfe a injin gurza, ya san cewa yawancin abin da tsohuwar Peugeot ke buƙata bai fi ƙarfin waɗannan mutane ba: kwanon ƙasa, salansa, maƙalai, bututun ruwa, har da robobi idan an samu ma'auni da kayan haɗi masu kyau. Abin da suka rasa shi ne zane mai ma'auni daidai da wurin gwada ingancin abin da suka ƙera, waɗannan biyun kuwa suna nan kusa da su a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga kuma hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke garin nan. Garin Nnewi ya yi suna da ƙera kayan gyaran mota ba tare da ya taɓa samun abin da Kaduna ta samu ba. Idan ɗaliban sashen injiniya suka ɗauki auna kayan 504 da zana su a matsayin aikin kammala karatu, suka zauna da dattawan kanikawa suka rubuta abin da ke kansu da Hausa, har su ɗauki hoton bidiyonsu suna aiki, an ceto ilimin da a yanzu yake tafiya kabari da masu shi. Kayan birki da sitiyari kam ban ce a ƙera su a kasuwa ba, waɗannan sai masana'anta mai gwaji, kuma a nan ne ya kamata hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta matsa wa masu shigo da jabu.

Mu masu motocin ma da namu aikin. A warwatse muke, kowa na yawon nemansa shi kaɗai daga Panteka zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, wani har ya aika Ladipo a Legas, alhali da mun haɗu mun san juna, da wanda ke da giya a ajiye ya san mai nemanta, da an haɗa kuɗi an yi odar gaskit da kwantak na ƙwarai gaba ɗaya, da kuma motar da za a sayar wa 'yan gwangwan an fara cire mata abin amfani. Peugeot na da gidan tarihin motocinta a garin Sosho na Faransa, motar da aka kashe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana ajiye a gidan tarihi na Legas, saboda haka ajiye mota don tarihi ba baƙon abu ba ne. Ya dace gwamnatin jiha ta nemi 404 da 504 da 505 ƙirar Kaduna masu lafiya, ko guda ɗai-ɗai ne, ta ajiye su inda 'yan makaranta za su gani, ta kuma ɗauki ɗaya daga cikin dattawan nan ya riƙa kula da su yana koyar da yara.

Daga gare ka kuma, Malam Edita, roƙona shi ne ka tura wakilinka Kakuri da Tudun Wada da Panteka ya nemo tsofaffin ma'aikatan kamfanin da kanikawan da suka koya a hannunsu, ya ji daga bakinsu yadda ake aikin da yadda ake bambance kaya na asali da jabu, a buga shi kashi-kashi. Da yawansu sun haura shekara 70, kuma duk wanda na yi wa maganar a cikinsu ya nuna a shirye yake ya yi bayani idan an zo.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu,
Tudun Wada, Kaduna.